Layin ya kwanta amma sensa ba ta mutu ba: yadda na auna sensar salansar wata a-kori-kura da osiloskof

Waɗanda ba su samu sauraron shirin wannan makon ba, ga shi a rubuce kamar yadda na faɗe shi. Yau hirar tamu ta 'yan gareji ce zalla, amma mai mota ma ya tsaya ya karanta, domin kuɗin da ake asara a wannan harkar daga aljihunsa yake fita.

Kwanakin baya wani Alhaji ya kawo mini a-kori-kurarsa, Toyota Tacoma 'yar Amurka, ƙirar 2008, mai silinda huɗu, injin lita 2.7 da ake kira 2TR-FE. Wanda ya saba da Hilux mai fetur ya san injin nan, shi ne dai. Hatsi da taki yake ɗauka da ita tsakanin kasuwannin ƙauye da gari. Kukansa biyu ne: wutar cek injin ta ƙi mutuwa, kuma motar ta ƙara shan mai a cikin gari. Na sa sikana, ta ba ni P2A00. Ma'anar lambar nan a Toyota ita ce sensar gaba, wadda ke zaune kafin indomi, tana jinkirin amsawa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, an taɓa wani abu a wurin?"

Ya ce, "Malam, ai sabuwa ce. Ko wata biyu ba a yi ba da na saya. Wanda ya duba mini ya sa na'ura irin taka ɗin nan mai allo, ya ce tsohuwar ba ta rawa, ta mutu. Aka sa sabuwa, aka goge wutar, kwana biyu ta dawo."

Kalmar nan "ba ta rawa" ita ta sa na ce sai na yi shiri a kan wannan aikin. Kuma abin dariya, ina juya baya yarona ya ɗauko osiloskof, ya soka allura ta bayan soket ɗin sensar, ya kalli allo, ya ce, "Oga, wannan ma ta mutu, layin a kwance yake." Kun ga da na biye masa, da Alhaji ya sayi ta uku.

To, bari mu koma baya kaɗan, don sai an san tsohuwar sensa kafin a gane inda ake ruɗewa. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, a ma'aunin nauyi. Idan mai ya yi yawa, ni nakan ce haɗin ya yi kauri, idan iska ta yi yawa kuma ya tsinke, kamar dai kunu. Kamfanin Bosch ne ya fito da sensar da ke shinshinar hayaƙi don ta gane haka, ta fara shiga motocin Volvo a 1976. Irin wannan tsohuwar ita take samar da 'yar wutarta da kanta. Haɗi ya yi kauri, ta hau wajen bolt 0.9. Ya tsinke, ta sauka wajen 0.1. Tsakiyar ita ce 0.45. Abu biyu kawai ta sani, kauri da tsinkewa, ba ta san ko nawa ne ba. Shi ya sa birenbos, wato ƙwaƙwalwar motar, yake ta ƙara mai yana ragewa, ita kuma tana ta hawa da sauka. Wannan hawa da saukar shi ne rawar da muka saba gani a allo, kuma duk wanda ya koyi aiki a kan tsofaffin motoci idonsa ya riga ya yarda cewa sensar da ba ta rawa gawa ce.

Wadda ke gaban Tacoma ɗin nan ba irin ta ba ce, ko da yake a ido kamarsu ɗaya, waya huɗu, zare ɗaya. Ita ce mai faffaɗan awo, wadda Toyota ke rubuta wa A/F, kuma tun ƙarshen shekarun 1990 suka fara sa ta. Wannan tana gaya wa birenbos daidai yawan kaurin ko tsinkewar, tun daga hayaƙi mai baƙi har zuwa iska zalla. Yadda take yi shi ne, birenbos yana ɗora wuta tsayayya a kan wayoyin saƙo biyun: ɗaya wajen bolt 3.3, ɗayar wajen 3.0, wasu littattafan su ce 2.9. Kuma aikinsa ne ya riƙe su a haka, komai ya faru a cikin salansa. Abin da ke canzawa shi ne yawan wutar da ke gudana ta cikin sensar, da kuma ɓangaren da ta nufa. Idan haɗi daidai yake, kusan babu abin da ke gudana. Idan ya tsinke, ta gudana ta wannan ɓangaren. Idan ya yi kauri, ta juya ta ɗayan. Kuma 'yar mitsitsiya ce, ana lissafinta da miliamfiya, wato amfiya ɗaya ka raba dubu.

Ka gane inda matsalar take? Allurar osiloskof bolt take gani. Kai kuma ka je ka ɗora ta a kan wayar da aka riƙe bolt ɗinta da gangan. Dole ka ga layi a kwance. A gaskiya ma layin nan biyu da yarona ya gani, ɗaya a 3.3 ɗaya a ƙasa da shi kaɗan, labari ne mai daɗi: birenbos yana ba da abin da ya kamata, wayoyin saƙo ba su tsinke ba, ba su taɓa jikin mota ba, ba su haɗe da juna ba. Da ɗaya ya faɗi sifiri ko ya hau 12, nan ne za mu ce akwai magana.

Akwai wani tarkon kuma a sikana. Za ta nuna maka "bolt" na sensar yana motsi, 3.3 idan daidai ne, ƙasa da haka idan ya yi kauri, sama da haka idan ya tsinke, har ya wuce 3.8 lokacin da aka yanke mai. Wannan lambar a cikin birenbos ake lissafa ta daga wutar da ke gudana, ba za ka same ta a jikin waya ba ko ka kwana kana nema. Ka lura kuma a juye take da tsohuwar: a nan hawa tsinkewa ne. Wasu ƙananan sikana ma sai su raba lambar da biyar su nuna maka 0.66, mutum ya ɗauka tsohuwar sensa ce ta maƙale a sama. Mutane da yawa sun sayi kaya saboda 0.66 ɗin nan.

Abin da na fara yi, kafin ma na ɗauki waya, shi ne na tabbatar sabuwar da aka sa irinta ce. Wannan yana faruwa sosai a wurinmu, a ba ka ta baya a matsayin ta gaba saboda soket ya kusa shiga. A Toyota lambar kayan takan raba gardama: mai farawa da 89467 ita ce mai faffaɗan awo, mai farawa da 89465 ita ce tsohuwar irin. Idan rubutun ya goge, ka auna hitar da ke cikinta da mita tana sanyi. A sensar Denso wayoyi baƙaƙe biyun su ne na hita, shuɗiya da fara su ne na saƙo. Ta gaba a wannan injin tana ba da om 1.8 zuwa 3.4, ta baya kuwa 11 zuwa 16. Ta Alhaji lambarta daidai, hitarta ta ba ni om 2 da wani abu. To, kaya dai na gaskiya ne.

Sai maganar ganin wutar da ke gudana. A nan zan ɗan daɗe, don a nan ake ɓarna.

Hanya mafi sauƙi ita ce kilam, wanda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba. Sai dai kilam ɗin da yawancinmu ke da shi, a ƙaramin zangonsa, milibolt 100 yake bayarwa a kan amfiya ɗaya. Miliamfiya ɗaya ke nan kashi ɗaya cikin goma na milibolt, ƙura ce kawai a allo. Dabarar da ake yi ita ce a sa doguwar waya a tsakani a naɗa ta sau goma ko ashirin a bakin kilam ɗin, sai saƙon ya ninku haka. Yana aiki, amma da hayaniya, kuma sai ka yi ta maido da shi sifiri.

Ni hanyar da na fi so ita ce razisto. Na kashe mota, na zare soket, na haɗa ɓangarorin biyu da gajerun wayoyi huɗu, a kan ta saƙo guda ɗaya na sa razisto mai om 10 a tsakani. Duk miliamfiya ɗaya da ta bi ta cikinsa za ta bar milibolt 10 tsakanin ƙafafunsa biyu, wannan kuma osiloskof yana ganinsa sarai. Don Allah kar a yanke wayar jikin sensa don yin wannan. Ba jan ƙarfe ba ce, ba ta kama dalma yadda ya kamata, ka yanke ta ka jawo wa kanka sabon aiki.

Ga gargaɗin da ya fi komai. Ƙafafun raziston nan duka biyu suna kan bolt uku da wani abu. Yawancin osiloskof ɗinmu baƙin kilif ɗin kowane layi a haɗe yake da na sauran ta ciki. Idan ka maƙala baƙin kilif na layi ɗaya a negetib ɗin batir, sannan ka maƙala na layi na biyu a ƙafar razisto, ka haɗa wayar birenbos da jikin mota kai tsaye. In ka yi sa'a lambar matsala kawai za ka tara, in ba ka yi sa'a ba kuma ka san kuɗin birenbos. Don haka ko dai ka sami allura ta musamman mai auna bambanci tsakanin wuri biyu, ko ka yi amfani da osiloskof na hannu mai batir, layi ɗaya tak, ba abin da ke taɓa jikin mota, ba caja a jone. Wani zai ce, to in sa layi biyu mana, in ce na'ura ta ɗebe wannan daga wancan. A kan mai tsada yana yiwuwa. Amma ƙaramin osiloskof da ke raba allonsa gida 256, idan ka buɗe shi ya ɗauki bolt 10 daga sama zuwa ƙasa, kowane gida kusan milibolt 39 ne. Abin da kake nema gaba ɗayansa bai kai gida ɗaya ba.

Na tayar da mota, na bar ta ta ɗau zafi a silo. Na sa allo ya riƙa tafiya a hankali, daƙiƙa ɗaya kowane gida. Layi yana kusa da sifiri, daidai. Yanzu sai a tsokane ta, domin sensar nan ba a yanke mata hukunci tana zaune. Na ce wa yaro ya taka totur da ƙarfi ya saki. Mai lafiya, da an taka za ta nutse ɓangaren kauri nan take, da an saki kuma birenbos ya yanke mai, iska zalla ta bi salansa, sai ta yi tsalle ɗaya ɓangaren ta kai miliamfiya biyu da wani abu, sannan ta dawo sifiri. Ko sama ne kauri ko ƙasa a allonka, ya danganta da yadda ka juya wayoyinka, don haka ka zare wani ƙaramin tiyon iska na bayan totur tukuna ka ga inda tsinkewa take nufa. Wanda ke da Techstream yana da gata, akwai gwajin da zai ƙara mai da kashi 25 cikin ɗari ko ya rage da kashi 12.5, ya ga amsa.

Ta Alhaji ta amsa, amma kamar wanda aka tasa daga barci. Na zare tiyo, sai da ta yi daƙiƙa biyu zuwa uku tana jan ƙafa kafin ta hau, kuma ba ta hau da nisa ba. Idan a nan na tsaya, hukuncin shi ne sensa ta gaji, sikana ma abin da ta ce ke nan. Amma sensar wata biyu? Sai na riƙe injin a wajen juyi 2500 na minti biyu, na sake gwadawa nan take. Wallahi kamar an canza ta, tsalle ɗaya ta kai inda ake so. Na bar ta a silo minti biyar, ta koma jan ƙafa. Sau biyu na maimaita don kar idona ya yaudare ni.

Abin da ke canzawa tsakanin silo da juyi 2500 shi ne zafin hayaƙi. Tsohuwar sensa tana fara aiki daga wajen digiri 300 zuwa 400. Wannan tana buƙatar wajen 650 ko fiye, kuma hayaƙin silo ba zai kai ta can ba, hita ce ke ɗauke da nauyin. Shi ya sa om ɗin hitarta yake ƙasa, don ta ja wuta da yawa. Wuta tana zuwa mata ta fiyus da rile, birenbos kuma yana kunna ta yana kashewa da sauri ta ɓangaren negetib, yana ƙara tsawon kunnawar ko ya rage gwargwadon zafin da ya ji sensar ta yi.

Na cire razisto, na mayar da soket yadda yake. Yanzu baƙin kilif a negetib ɗin batir, babu haɗari. Layi na ɗaya a wayar da ke kawo wa hita wuta, layi na biyu a wadda ke zuwa birenbos. Na matse lokaci har ina ganin kowane bugu. Layi na biyu yana sauka har kusa da sifiri duk lokacin da birenbos ya kunna, wato ɓangarensa lafiya lau. Sai dai kusan kullum a kunne yake, da ƙyar yake ɗan saki, alhali injin ya daɗe da ɗaukar zafi. Wannan birenbos ne yake ihu cewa zafi bai ishe shi ba. Layi na ɗaya kuwa, wanda ya kamata ya tsaya cak a bolt 14 kamar katako, shi ne yake rawa. Hita a kashe, 14. Da an kunna ta, ya faɗo wajen 8.

Ku duba abin nan da kyau. Idan ka zare soket ka sa mita a wayar nan, cikakkiyar wutar batir za ta nuna maka, ka ce wuta tana zuwa. Silin waya ɗaya ma ya isa ya nuna wa mita 12, don mita ba ta jan komai. Sai an ɗora kaya ake sanin jakin da ke da ƙarfi. Kuma faɗuwa daga 14 zuwa 8 ba ƙaramin abu ba ne, domin zafin hita yana bin bolt ne sau kansa. 14 sau 14 shi ne 196, 8 sau 8 kuma 64. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin ke nan take samu. Dalilin da ya sa motar ba ta ba da lambar hita irin P0031 ba kuwa, wutar da ke bi ba ta yi ƙasan da birenbos zai ce waya ta tsinke ba. Shi dai ya ga sensa tana jinkiri, ya faɗi abin da ya gani.

Sauran aikin bin waya ne. Na auna a fitar rile, 14 tsaye ko hita na kunne. To ɓarnar tana tsakanin rile da soket. Muka buɗe damin wayoyin, can ƙasa kusa da bangon injin muka tarar da wani tsohon ɗauri, an murɗa waya biyu da hannu an naɗe da salatif. Ciki ya yi kore shar, silin da suka rage ba su fi uku ba, kuma wurin da ɗumi. Da na nuna wa Alhaji sai ya riƙe baki, ya ce shekara biyu da suka wuce ɓera ya taɓa cin wayoyin motar a ma'ajiyar hatsi, aka kira wani ya ɗaɗɗaure. Muka yanke har inda jan ƙarfe yake fes, muka sa sabuwar waya mai kaurin ta asali, dalma, da robar da ke matsewa da zafi. Aka tayar. Layi na ɗaya ya tsaya a 14, kuma bayan ɗan lokaci birenbos ya fara sassauta kunna hitar da kansa. Na mayar da razisto, minti goma a silo, na zare tiyo, tsalle ɗaya.

Kafin na rufe, abu biyu a gurguje, don na san za a tambaya.

Na farko, sensa tana iya amsawa da sauri amma ta yi ƙarya, ko kuma a yi mata ƙarya. Shaidarka ita ce ta baya, wadda ke bayan indomi, don ita tsohuwar iri ce, bolt ɗinta na gaskiya ne, ka ɗora allura kai tsaye. Idan ta gaba tana cewa haɗi ya tsinke, birenbos yana ta ƙara mai, ta baya kuma tana zaune a 0.8 ko sama, ɗaya daga cikinsu ba ta faɗin gaskiya. Kafin ka zargi ta gaba, ka duba manifol da gasket ɗinsa. Tsaga ƙarama a gaban sensa takan tsotso iskar waje tsakanin bugun hayaƙi, iskar waje kuma kashi 21 cikin ɗari nata oksijin ne, sensar za ta rantse haɗi ya tsinke. Da sassafe injin na sanyi za ka ji tas-tas ɗin, ko ka ga baƙin toka a wurin.

Na biyu, lambobin 3.3 da 3.0 na Toyota ne da sensar Denso mai waya huɗu, kar a kai su kan kowace mota. Irin ta Bosch mai waya biyar ɗaki biyu gare ta a ciki. Ɗaya yana aunawa ana riƙe shi a milibolt 450, ɗayan yana tura oksijin ciki ko waje don a riƙe shi a hakan, kuma wutar turawar ita ce saƙon, sifiri idan daidai ne, wajen miliamfiya 2.5 a iska zalla. Akwai razisto na saiti a cikin soket ɗinta wanda aka daidaita da ita tun daga masana'anta, don haka ba a yanke soket ɗin wata a ɗaura wa wata. Ko Hilux ma ka duba abin da ke jikin wadda ke gabanka da littafinta, ba duka aka yi wa kasuwa ɗaya ba.

Da muka gama na tambayi Alhaji ina tsohuwar sensar da aka ce ta mutu. Ashe tana cikin akwatin dashbod a naɗe a leda, ya ce bai iya jefar da abin da ya san kuɗinsa ba. Na ce ya ba ni minti ashirin. Muka jira salansa ta huce, muka ɗaura ta, muka yi mata gwajin tiyo da na totur. Amsarta ba ta da maraba da ta sabuwar. Ya ce a bar tsohuwar a jiki, sabuwar ta koma leda. Lambar P2A00 sai an yi tafiya biyu take fitowa, don haka na ce ya yi sati yana aikinsa ya dawo. Ya dawo ranar kasuwa da buhuna a baya, na sa sikana, babu komai.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.